Tsohuwar Bindiga Ba Ta San Jikan Mai Ita Ba

Jama'ar Dakoro! Ku gyara zama, yaro ya ci gaba da fifita gawayin shayi, yau da ku nake. Na san tun daga kan magana wasu sun fara taɓe baki. Ga wani can yana cewa, "Wanga kuma wane na? Mu za shi koya ma ɗurin bindiga, mu da munka gada?" To kafin ku yi nisa, ku sani kakata ta wajen uwa Bazabarma ce. Ni da Gobirawa akwai wasa ke nan, kuma ba a kai taubashi ƙara wurin jandarma. Fulani da Buzayen da ke gefen tabarma suna ƙunshe dariya, kada ku yi saurin murna, in na gama da waɗannan zan waiwayo kanku.

Zancen tsohuwar bindiga ne, mai cin albarushi, wadda ake ɗura wa ta baki: adakar nan da ke rataye a zaure tun zamanin kaka, da ƙanwarta libarba irin ta da, mai ɗakuna 6 masu juyawa. Abin da ya kawo ni kuwa guda ne. Kowane makami gaba aka yi shi ya hara. Wannan kam, in aka yi masa gaggawa, mai riƙe da shi yake fara taɓawa, sannan na kusa da shi, sannan in da rabo abin da aka auna.

"Wa ad da libarba Dakoro?" in ji malamin bakin ƙofa. Tambaya ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Libarba dai ta girmi garinku nesa ba kusa ba. Samuel Colt ya karɓi takardar mallakar ƙirarsa a Amurka a 1836, Dakoro kuwa sai a 1947 Faransawa suka kafa mata bariki. Su Faransawan kuma ba da carbi suka shigo ƙasar nan ba. Hafsoshinsu na wancan zamani, irin waɗanda suka ratso ta Birnin Ƙwanni a 1899 suna ƙone garuruwa har Dankori da Maijirgi, da ƙananan bindigogi a ƙugu suke yawo. Samfurin sojan Faransa na 1873 ma, cikin harsashinsa albarushi ne, baƙi mai hayaƙi. Ƙarfe ba ya bin mai shi kabari. Akan buɗe akwatin tsoho bayan rasuwa a tarar da abin da ba a zata ba, naɗe cikin tsohon rawani. A ce ma babu ko guda daga Kornaka har Birnin Lalle, adaka dai akwai ta, kuma abincinsu ɗaya, halinsu ɗaya. Wanda ya gane ɗurin waccan ya gane na wannan.

Yanzu Bagobiri zai miƙe ya ce a bar masa zancen Turawa, su sun san bindiga tun ba a haifi Colt ba. Zauna, Baba, ba musu nake ba, hujja ma zan ƙara maka. Tarihin Kano ya nuna bindiga ta shiga birnin a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, Babba Zaki kuma, wanda ya hau a 1768, shi ya fara ajiye masu bindiga suna tsaron sarki. A Damagaram Sarki Tanimun ya tara dubban bindigogi, har igwa ake zuba masa a cikin birni, albarushinsa ma a gida ake yi. Amma labarin da ya fi daɗi naku ne. A watan Oktoba na 1826 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa yaƙi a Konya, tare da shi akwai matafiyin nan Baturen Birtaniya, Clapperton, yana kallo. A bayaninsa, rundunar Sakkwato mai dubban mutane bindigoginta 40 ne da ƴan kai. Masu su sai su matso, su saki wuta, su ruga can inda kibiya ba ta kaiwa, su sake ɗuri. Cikin ganuwa kuwa, bindiga guda ce ta yi suna ran nan. Ita ta sauko da jagoran ƴan lifidi daga kan dokinsa, kuma garin bai ciwu ba.

To, ku tafa wa kanku. Kun gama? Madalla. Yanzu ku gaya mini abin da ya raba gudan nan da 40 ɗin can. A nawa ganin, mutum ne a bayan ganuwa hankalinsa kwance, ya auna albarushinsa, ya daka yadda ya kamata, ya jira har abin hari ya shigo. Gadon ke nan, in da gaske gado kuke nema. Wanda ya ɗauki bindigar kaka ya bar natsuwar kaka rabin gado ya ci, kuma rabin da ke cizo.

Bari in bi da ku ɗurin libarbar nan daki-daki, ku ga yawan wuraren da mai garaje zai yi tuntuɓe. Ita ba ruwanta da harsashi mai kwanso. Kowane ɗaki a gangar da ke juyawa ƙaramar adaka ce mai zaman kanta: ta gaba ake zuba albarushi a bi shi da dalma, ta baya kuma akwai ɗan tsinin ƙarfe mai huji, wanda ake kifa wa ƴar hular tagulla mai ba da tartsatsi. Ka ja kunama, guduma ta sari hula, wuta ta bi huji, albarushi ya kama.

Kafin komai, a tabbata ɗakunan wayam suke, bututun bai toshe ba, kuma babu hula ko guda a kai. Sigari, garwashin shayi, fitilar aci-balbal, duk a yi nesa da su. Wanda ba ya iya rabuwa da taba na minti 10, ya je ya nemi wata sana'a. Albarushi ba a tuttula shi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa cikin bindiga. Ma'auni ake cikawa, a toshe gorar, a ajiye ta gefe, sannan a juye. Kun san dalili? In an yi harbi ɗazu, ƙila akwai ɗan tartsatsin da ya laɓe a ciki. In abin da ke ma'auni ya kama, gira ce za ta tafi, ta kuma fito. In wutar ta bi ta kama gora, hannu ne, wani lokaci har da fuska. Don haka ma ba a sunkuyar da kai bisa bakin ɗaki ana ɗuri, duk son ganin ƙwaf ɗin mutum.

Dalmar mai taushi ce zalla, mulmulalliya, kuma da gangan ake yin ta ta ɗan ɗara bakin ɗakin girma. Akwai madanni a ƙarƙashin bututun, da shi ake tura ta. In ta shiga za ka ga ta bar wani siririn zobe da bakin ɗakin ya aske mata. Zoben nan shi ne shaidar ta toshe ruf. A tura ta har ta zauna daram bisa albarushi, kada a bar sarari tsakani, domin albarushi in ya sami fili a bayan dalma, maimakon ya tura sai ya buga, ƙarfen ya kumbura ko ya tsage. Sannan a shafe bakin ɗakin da maiko, ko kuma tun farko a sa ɗan toshi mai maiko tsakanin gari da dalma. Hula ita ce ta ƙarshe. Ba a sa ta sai an tsaya inda za a yi harbin, baki na kallon tudun yashi, ba mutum ba dabba a bayansa, kuma sai wadda ta kama tsinin tsam, ba mai lilo ba.

"Duk wanga dogon Turanci don mi?" Don akwai wata masifar da libarbar albarushi ta keɓanta da ita. Ka ja kunama sau ɗaya, wuta ta tsallaka maƙwabta, ɗakuna biyu ko uku su tashi tare. Ɗaya ne kaɗai ke saitin bututu. Sauran dalmar ta gefe za ta fice, ko ta daki jikin bindigar. Dalmar da ba ta toshe ba da hular da ta yi sako-sako, su ne ƙofofin da wutar ke bi. Shi ya sa hannun hagu ba shi da aiki a gaban ganga ko a gefenta. Ko wannan haɗari bai auku ba, a kowane harbi wuta da ɓarɓashin dalma na fesowa ta tsagar da ke tsakanin ganga da bututu, yatsan da ya je yawo nan zai dawo da labari. Kuma ɗakuna 6 ne, amma masu hankali 5 suke ɗurawa, su kwantar da guduma bisa wanda babu komai. Bindiga in ta suɓuce daga ƙugu ta faɗi bisa gudumarta, akwai hula a ƙarƙashi, ba ta neman izinin kowa.

Yanzu ga gwanayena, masu neman ƙara. Kun san su, wasu ma suna zaune nan suna kallon ƙasa. Ranar naɗin sarauta ko ranar Salla, burinsa a ce ta wane ta fi ta kowa tsawa, mata su rangaɗa guɗa, jakai su tsinke igiya. Sai ya zuba awo biyu, ya ƙara rabi wai don albarka, ya daka tsumma iya ƙarfinsa. Alhaji, bari in ba ka labarin Colt ɗin nan da kansa. A 1847 ya ƙera wa sojan Amurka wata ƙatuwar libarba da ake kira Walker, nauyinta kilo 2, kowane ɗaki na iya cin albarushi kusan giram 4. Guda 1,100 aka yi. Kusan 300 daga ciki sai da aka mayar da su gyara, gangar ta fashe. Wannan fa masana'anta ce, ga injuna, ga gwamnati mai biya. Ƙarfen zamanin ne bai kai ba, ga kuma sojoji masu cika ɗaki taf, ƴan'uwanka a aƙida. To taka da aka yi da tiyon ruwa mai ɗinki a tsawonsa, wa ya gaya maka ta fi ta Colt ƙashi?

Sarkin Maƙera ya huce, ban raina hannun maƙeranmu ba. Na ƙwarai cikinsu shi zai fara gaya maka iyakar abin da ƙarfensa ke ɗauka, kai ne ba ka ji. Amma a Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu fiye da ƙima a tashe shi cikin ɗaki a rufe, ba kowa kusa. Wanda ya tsira a buga masa hatimi, wanda ya tsage ya tsage shi kaɗai. Mu nan, gidan gwajin kafaɗar mai ita ce. In kuma kana ganin sarauta na karewa, Sarkin Sikotilan James na 2 yana tsaye kusa da igwarsa a yaƙin Roxburgh a 1460, ta fashe ta kashe shi yana ɗan shekara 29. Igwa ba ta ce masa ranka ya daɗe ba.

Akwai kuma masu wayo, waɗanda suka fi masu ƙara ban tsoro. Shi wannan ya sami harsashin zamani, ya ɓare shi, ya juye garin cikin adaka, wai ai duk wuta ce. Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Garin harsashin zamani wani abu ne dabam. Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, aka fara sa shi a bindigar Lebel ta 1886. Hayaƙinsa kaɗan ne, amma matsin da yake yi cikin bututu ya ninka na albarushi, shi ya sa ƙarfen da ake yi masa ma dabam yake. Tsohuwar bindiga ba a yi ta dominsa ba, ko kaɗan ne, ko an gauraya. Launi ma ba shaida ba ne, shi ma yakan zo baƙi-baƙi. Garin da ba ka san asalinsa ba ba ya shiga bindiga. Nan kam na ajiye wasa.

Ƙanen mai wayo shi ne mai zuba duk abin da ya tsinta: ƙusa, guntun ƙarfe, ƙwallayen gindin keke. Dalma takan lotse in ta sami abu mai tauri. Ƙarfe kuwa karce bututu yake yi in zai fita, in ya ga dama ya gicce ya maƙale, in kuma ya fita ya daki dutse ko kututturen gawo ya karkato ya nufi inda ba a aike shi ba.

Hajiya ta aiko yaro daga cikin gida, wai a gaya mini tasu ba ruwanta, shekara 30 tana rataye, gizo-gizo ma ya yi saƙa a bakinta, babu komai ciki. Hajiya, ina gaisuwa. Wa ya duba? Maharbin da ya dawo daga daji bai sami nama ba ba ya zubar da ɗurinsa, albarushi kuɗi ne. Hula yake cirewa ya rataye, ya ce gobe ma rana ce. Wata goben ba ta iske shi ba, Allah ya jiƙansa, ɗurin kuwa yana nan. Albarushi in bai sha ruwa ba ba ya tsufa, ga ƙasarku busasshiya. Adaka kuma ba a karya ta a leƙa ta baya. Mai ɗuri da marar ɗuri duk ɗaya suke a ido. Sojoji ma sun ruɗe da ita, balle jikoki. Bayan yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863 an tsince bindigogi fiye da 27,000 a filin daga. Kusan 24,000 da ɗurinsu. Wajen 12,000 ɗuri biyu ne a ciki, wani bisa wani, wasu dubbai kuma daga 3 har 10, aka ma sami guda mai 23. Mutum cikin ruɗani ya ɗura, ba ta tashi ba, ƙarar yaƙi ta hana shi ji, ya sake ɗurawa. Mai 23 ɗin nan, Allah ne ya so shi da ba ta tashi ba.

Dubawar ba ta da wuya. Baki na kallon inda ba kowa, babu hula, kai da fuska a kauce, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama daidai baki, a zaro ta a shimfiɗa a jikin bututun ta waje. In ƙarshenta ya kai inda hujin wuta yake, babu komai. In ta gaza da yatsa biyu ko uku, akwai baƙo a ciki. Kuma ba a sallamar baƙon nan da harbi, don ba ka san ɗuri nawa ne ba, ba ka san iyakar abin da tsatsa ta ci ba, ƙila ma zanzaro ya yi gininsa a tsakiyar bututu. Ba a kuma kai ta maƙera a cusa gindin a wuta wai don a kwance shi. A jiƙa ɗurin da ruwa, a kai wa wanda ya san aikin ya zaro shi.

Sai mai leƙe. Ya auna, ya ja kunama, ta ce ƙyas, shiru. Jama'a suka fara dariya, kunya ta kama shi, ya sauke ta, ya juyo bakin yana leƙawa da ido guda, wani ma har ya hura. Albarushin da ya sha danshi, musamman da damina, ko in maiko ya shiga hujin, yakan ci wuta a hankali, ya yi ta ci a ɓoye kafin ya yanke shawara. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce, in ta ƙi tashi a bar bakin inda aka auna, a jira aƙalla minti guda cur, sannan a yi tunanin abu na gaba. Bar su su yi dariyarsu. Dariyar fada kwana biyu ce, ido kuwa ba a kasa shi a kasuwar Dakoro, ba a kuma yo odarsa daga Maradi. Haka in ta tashi amma ƙarar ta fito a shaƙe, hannu bai ji turi ba: dakata nan. Ƙila dalmar ta tsaya a tsakiyar bututu, ta biyu kuwa in ta iske ta can, bututun ne zai raba rigimar.

"Mu ai ba mu sa harsashi, albarushi da tsumma na kawai." Na ji. Kun san Bruce Lee, kada ku yi mini musu, na san yadda ake cika gidan bidiyo dominsa. Ɗansa Brandon Lee, a 1993, ana cikin ɗaukar fim a Amurka aka auna shi da libarba mai harsashin wasa, gari kawai babu kai. Ashe wani kan harsashi ya maƙale a bututun tun wani ɗauka na baya, ba wanda ya duba. Garin ya turo shi, ya same shi a ciki, ya rasu yana da shekara 28. Ko babu abin da ya maƙale, tsumman da aka daka da wutar da ke bin sa sun isa, a kusa, su huda fata, su kashe ido, su kurmantar da kunne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da shaƙiƙinsa ne, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Kibiya ke nan fa, wadda ba ta tashi da kanta. Saurayin da ke auna abokinsa da adaka, ɗaya hannun riƙe da salula ana ɗaukar hoto don Facebook, wannan magana tasa ce.

Na hango Sarkin Baka yana murmushi yana shafa guru. Ranka ya daɗe, ban zo taɓa asiri ba, ba ni da wannan ƙarfin halin, ga dare na yi, hanyata kuma ta daji ta bi. Tambayata guda ce. Maganin bindigar da aka ba ka, na harsashin abokin gaba ne mai zuwa ta gaba. Wanda ya haɗa shi ya ce maka ya sa har da bututun da zai tsage a tafin hannunka? Koma ka tambaye shi. In ya ce e, miƙa masa bindigar ya fara. Abin da na lura da shi dai, tsofaffin maharban da suka kai furfura da yatsunsu 10 cif, duk yawan layunsu, su suka fi kowa tsantseni wajen awo, yaro kuwa ya taɓa masu bindiga sai ya sha mari. Ƙila asirin ke nan da ba sa faɗa.

Wani kuma ya ce ai in kwana ya ƙare ko cikin ɗaki kake sai ka tafi. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Sai dai bindigar da ta fashe ba kullum take kashewa ba. Sau da yawa yatsu uku take ɗauka, ta bar ka da sauran kwanaki masu yawa, ga gona, ga hauya, ga iyali na jiran hatsi. Mai raƙumin da ya tambayi Annabi ko ya sake shi ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Ku da raƙumi ke kwana a ƙofar gidanku, bai kamata a ce ni zan tuna maku wannan ba.

Tunda an ambaci raƙumi, Ardo, kai da abokinka mai rawani har hanci, ga ni na iso. Ku ne masu rataya ta a kafaɗa da ɗurinta da hularta, da a hau raƙumi, yanzu a hau babur, a bi gargada daga kwarin Tarka har Bermo, bakin na kallon haƙarƙarin wanda aka goyo. Cire hular nan daƙiƙa nawa ne? In za a tsallake shinge, in za a sauka bakin rijiya, in za a shiga ruga ko kasuwa, hula ta koma aljihu. Ba a kuma jawo bindiga ta baki daga cikin kaya. Ku kuka fi kowa sanin abin da wuta ke yi wa ciyawa bayan kaka in iska ta taso. Tsumman da adaka ke tofarwa yakan fita yana ci, ya faɗa cikin busasshiyar ciyawa, abincin garke na rani guda ya tafi a yini ɗaya, a zo ana neman wanda ya yar da sigari.

In kuma nama ne ya sa ake wannan wahala, a tuna Gadabeji gandu ne tun 1955, hekta 76,000, farauta haramun ce a cikinsa. Raƙuman dawa 8 da aka kwaso daga yankin Kure aka saki can a 2018, ba don tukunyar kowa aka kawo su ba. Dokar farauta ta 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji ma suna nan. Bindiga kuwa, ko ta kakan kakanka ce, riƙe ta sai da izinin hukuma. Da halin da kudancin jihar Maradi ke ciki na ɓarayin shanu da masu satar mutane, jami'in da ya tare ka da dare da ƙarfe a kafaɗa ba zai tsaya sauraron tarihin Konya ba. Tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Wanda ya gaji abin da ba zai iya riƙewa ba, akwai inda zai miƙa shi.

Wanki kuwa a taƙaice: dattin da albarushi ke bari jan danshi yake yi, kwana kaɗan ya fara cin ƙarfe ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Ranar da aka harba, ranar ake wankewa da ruwan zafi, a busar sarai, a shafa mai. Wadda ta yi shekaru ana harbawa ana ratayewa ba wanki, waje sumul, ciki rami-rami, kuma ita ce kake son ƙara wa rabin awo don albarka.

A Turai da Amurka, inda harbin libarbar albarushi ya zama wasan masu sha'awa, yawancinsu ba ta asalin suke harbawa ba. Sababbi ake ƙera masu a Italiya da ƙarfen zamani bisa tsohon fasali. Kamfanin Uberti tun 1959 yake wannan sana'a. Su sa tabarau na kariya, su toshe kunne, tsohuwar kuwa a goge ta a ajiye ana nuna wa baƙi. Ku ce tsoro ne. Su dai da yatsunsu suke ƙirga kuɗinsu.

Saboda haka mai tsohuwar bindiga, sauko da ita yau, kori yara daga zaure, gwada ta da sanda. Albarushi wuri dabam, hula wuri dabam, nesa da murhu, nesa da rumbu, inda hannun yaro ba ya kaiwa. In ta gado ce mai shekaru, bar ta ta huta, ta yi nata aikin. In dole sai an ji ƙara ranar Salla, a nemi wanda aikinsa ke nan, mai izini, a ba shi fili, a ja baya. Wanda kuma har yanzu bai yarda ba, ba zan ja da shi ba. Ya dai tuna daga Dakoro zuwa babbar likitar Maradi kusan kilomita 120 ne, kuɗin mota kuma daga aljihunsa zai fito.